Blender, Houdini, OpenSCAD ko Grasshopper: wanne ne bayaninsa ke isar wakilin AI ya yi aiki?

Duk wanda ya taɓa zana gini ko wata siffa a kwamfuta ya san hanya biyu ce. Ko dai ka kama abu da hannu ka ja nan ka matse can har ya fito, ko kuma ka rubuta ƙa'idar da za ta haifar da shi. Ta biyun ce muke magana a kai. Maimakon ka zana katanga mai ginshiƙai goma sha ɗaya, sai ka ce: ga layi mai tsawon mita 30, a dasa ginshiƙi kowane mita 3, a cike tsakani da bulo. Gobe idan mai fili ya ce tsawon ya koma mita 45, lamba ɗaya za ka canza, katangar ta sake gina kanta. Houdini, da sashen Geometry Nodes na Blender, da Grasshopper, da OpenSCAD, duk a kan wannan tunanin suka tsaya.

Tun daga Nuwamban 2024, lokacin da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin Model Context Protocol, wanda aka fi sani da MCP, mutane suka shiga gina gadoji, wato ƙananan manhajojin haɗi, tsakanin waɗannan manhajoji da ƙirƙirarriyar basira (AI). Kana zaune sai ka rubuta wa wakilin AI, wato basirar da ke iya aiwatar da aiki da kanta, abin da kake so, shi kuma ya shiga manhajar ya jona nod da nod, wato akwatunan da kowannensu ke yin mataki ɗaya na aikin. A Maris na 2025 bidiyoyin gadar Blender suka cika intanet, kowa na nuna yadda ɗaki da kujeru suka fito daga jimla ɗaya. Bidiyon ba ya nuna sau nawa aka gwada kafin a dace. Kuma a ganina abin da ke raba dacewa da rashinta, fiye da ƙarfin ita basirar, shi ne ingancin bayanin da aka ajiye mata ta karanta.

Bayanin kuwa hawa uku ne, kuma yawancin masu zaɓen gada hawa ɗaya kawai suke dubawa.

Na farko shi ne shafin gabatarwa da mai gadar ya rubuta domin mutum: yadda za a girka, abin da za a latsa, hotuna masu ɗaukar ido. Na biyu shi ne wanda wakilin kansa yake karantawa. A tsarin MCP kowane kayan aiki, wato kowane umarnin da gada ta ba wakili damar kira, yana da suna, da 'yan jimloli masu bayyana amfaninsa, da jadawalin abin da yake karɓa a tsarin JSON Schema. Idan aka jona gada, abu na farko da ake yi shi ne a nemi wannan jerin a zuba wa wakilin. Shi bai ga shafin gabatarwa ba, bai kalli bidiyo ba. Waɗannan 'yan layukan su ne duk abin da ya sani game da gadar. Hawa na uku shi ne kundin bayanin ita uwar manhajar, wato sunayen nod, sunayen saiti, da abin da ya canza daga wannan fitowa zuwa waccan. Gada na iya cin maki a hawa na farko ta faɗi warwas a na biyu, kuma ko ta ci duka biyun, idan na uku ya rikice sai aikin ya rikice.

Blender: ƙofa a buɗe, ƙasa na motsi

Blender kyauta ce, lambobinta a buɗe suke tun 2002, kuma gidauniyar da ke kula da ita tana Amsterdam. Ga wanda ke lissafin lasisi da dala alhali kuɗin shigarsa naira ce ko sefa, wannan kaɗai ya isa hujja. Gadarta da ta fi shahara, wadda masu sa-kai suka rubuta, gida biyu ce: ƙarin manhaja da ake sakawa cikin Blender ta buɗe ƙofa a lamba 9876, da kuma sabar MCP da ake tayarwa da umarnin uvx. Shafin gabatarwarta ya yi abin da ya kamata. Ya faɗi matakan girkawa, ya kuma yi gargaɗi a fili cewa akwai kayan aikin da ke gudanar da kowane irin kod na Python, don haka mutum ya adana aikinsa kafin ya fara. Wannan gargaɗin na yaba masa.

Amma duba jerin kayan aikin. Akwai mai kawo taƙaitaccen bayanin abin da ke cikin fage, akwai mai kawo bayanin abu guda, akwai mai ɗaukar hoton allo, akwai masu sauko da kaya daga rumbun kayan zane na intanet mai suna Poly Haven da makamantansa. Sai babban, execute_blender_code, wanda bayaninsa kusan bai wuce cewa ba shi kod ya gudanar ba. Ka ce wa wakili ya gina katangarmu da Geometry Nodes, duk aikin ta wannan ƙofa ɗaya zai bi. Ma'ana hawa na biyu kusan babu shi, nauyin gaba ɗaya ya koma kan abin da basirar ta haddace game da Python na Blender.

A nan ne gizo ke saƙar. Geometry Nodes sabon sashe ne: ya shigo a Blender 2.92 a Fabrairun 2021, kuma kafin shekarar ta ƙare, a 3.0, aka sake masa tsari daga tushe, aka jingine tsofaffin nod masu kiran sifofi da suna aka kawo tsarin da ake kira fields. A 3.6 aka ƙara yankin kwaikwayon motsi, a 4.0 aka ƙara yankin maimaitawa. A wannan 4.0 ɗin dai, ta Nuwamban 2023, aka canza yadda ake ƙirƙirar soket na rukunin nod, wato mashiga da mafitar da ake jona waya. Da ana rubuta inputs.new, yanzu sai interface.new_socket. Soket-soket na Principled BSDF, nod ɗin da ke ba abu launi da sheƙi, su ma an sake musu suna, Specular ya koma Specular IOR Level, Emission ya koma Emission Color. A 4.1 aka cire use_auto_smooth, aka kuma narkar da nod ɗin Musgrave cikin Noise Texture. Kafin duk wannan akwai babbar girgizar 2.80 ta 2019 da ta canza har yadda ake zaɓar abu da yadda ake ninka matris.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan canje-canje an rubuta shi a takardar sanarwar fitowa, ba a ɓoye ba. Matsalar ita ce basirar ta koyi Blender daga dubban misalai da ke warwatse a intanet, na 2017 da na 2021 da na 2024 duk a tukunya ɗaya, kuma mafi yawansu ba su ɗauke da lambar fitowa. Kamar makanike ne da ya haddace littafin gyaran mota ƙirar wata shekara, aka kawo masa mai suna ɗaya amma ƙirar shekaru biyar bayan haka: sunan daidai, noti ba a wurinsa yake ba. Wakilin zai rubuta kod mai kyan gani, Blender ta ƙi shi, ya gyara, ta sake ƙi. Kowane zagaye kuma kuɗi ne da data.

Kundin bayanin Blender kansa yana da kirki a wurare da dama. Akwai wurin zaɓar fitowa a shafin, ana iya sauke shi gaba ɗaya a ajiye don karatu ba intanet, kuma yana da wani shafi mai suna Gotchas da ke jera ramukan da masu rubuta kod ke faɗawa: me ya sa umarnin bpy.ops ke ƙin aiki idan ba a taga mai dacewa aka kira shi ba, me ya sa zaren Python da yawa ke iya kifar da manhajar. Irin wannan shafin mai faɗin inda ake tuntuɓe ya fi mini shafi goma na yabon kai. Sai dai game da nod akwai tsaga. A fitowar 3 da ta 4, littafin jagora na masu amfani shi ke bayyana abin da nod ke karɓa da abin da yake fitarwa, da sunan da ido ke gani, kamar Instance on Points. Kundin masu kod kuma shi ke da sunan da Python ke ji, GeometryNodeInstanceOnPoints, amma shafinsa ba ya jera soket-soket. Wakili na buƙatar duka biyun a lokaci guda. Haka kuma saitin da ka fito da shi waje, kamar tazarar ginshiƙai, ba da sunansa ake kama shi ba, sai da lakabi irin Socket_2, wanda a tsofaffin fitowa Input_2 ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskure marar kuka. Za a iya jona nod ba daidai ba, Python bai ce komai ba, gadar ta dawo da saƙon an gama, alhali fagen wayam. Ko kuma ginshiƙan su bayyana a allo amma in ka fitar da fayil ko ka ƙirga kusurwoyi ka tarar babu, saboda ba a saka Realize Instances ba, nod ɗin da ke mayar da kwafi siffa ta gaske. Shi ya sa kayan ɗaukar hoton allo ba ado ba ne. Gani ya kori ji. Gadar da bayaninta ya umarci wakili ya duba hoto ko ya ƙirga siffar da aka lissafo bayan kowane mataki ta fi wadda ta bar shi ya yi ta zuba kod yana murna.

Mai son Blender yana da mafita mai sauƙi, ko da ba cikakkiya ba ce. Ya tsaya a kan fitowa mai dogon tallafi, irin 4.2 ko 4.5, waɗanda ake kula da su shekara biyu ba tare da an sauya musu tsari ba. Ya faɗa wa wakilin lambar fitowar a farkon kowace hira. Ya kuma nemi, kafin a jona kowane nod, a ƙirƙire shi a buga sunayen soket ɗinsa tukuna. Wannan ɗabi'ar ta tambayar manhaja maimakon dogaro da hadda tana rage rabin wahala.

Houdini: kundin da ya manyanta

SideFX na Toronto, wanda Kim Davidson da Greg Hermanovic suka kafa a 1987, ya fitar da Houdini a 1996, kuma tun ranar farko komai a cikinsa nod ne. Wannan tsufan yana da amfani a nan. Kusan kowane nod yana da shafinsa: me yake yi, me kowane saiti ke nufi, wace mashiga ke karɓar me, da yawa kuma har da fayil ɗin misali da za a buɗe a gani. Kundin yana zuwa tare da manhajar a kan kwamfutarka, don haka bayanin da ka karanta na fitowar da ka girka ne, ba na wata ba, kuma ko layin intanet ya ɗauke yana nan.

Ɗauki katangar tamu. Nod ɗin Line ya ba da layi, Resample ya yanka shi kowane mita 3, Box ya ba da ginshiƙi, Copy to Points ya dasa shi a kowane ɗigo. Shafin Copy to Points ya faɗi cewa mashiga ta farko ita ce abin da za a kwafa, ta biyu ita ce ɗigogin. Akwai kuma shafi na daban da ya jera sifofin da ke juya kwafi ko canza girmansa, pscale da orient da N da up, har da wanne ke rinjayar wanne idan sun haɗu. Irin wannan bayanin ne wakili ke buƙata: ba labari ba, ƙa'ida da fifikonta.

Houdini ma yana da tasa tsagar tsakanin sunan ido da sunan kod, kuma ba ƙarama ba ce. Nod ɗin da kake gani Transform, a kod xform ne. Wurin rubuta VEX, harshen kod na Houdini, a Attribute Wrangle sunansa snippet. Yawan ɗigogi a Scatter npts ne. Size na Box ya rabu uku, sizex da sizey da sizez. Idan wakili ya yi hasashen suna ya kuskure, kiran parm ba ya ihu, sai ya dawo da None, kuskuren ya fashe a layi na gaba. Bambancin shi ne Houdini ya tanadi hanyar tambaya mai faɗi. Ta hou, kundin umarnin Python na Houdini, ana iya jera duk saitin nod da sunayensu da nau'insu, ana iya tambayar nod kurakuransa da gargaɗinsa bayan ya lissafa, ana iya ƙirga ɗigogi da fuskokin abin da ya fitar. Akwai ma asCode, wanda ke rubuto maka Python ɗin da zai sake gina nod ɗin da ka haɗa da hannu. Wato manhajar na iya zama malamar wakilin da kanta.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda suke sarrafa canji. Idan aka sake wa nod tsari, sau da yawa ba a kashe tsohon ba, sai a ba sabon lamba: copytopoints::2.0, scatter::2.0, polyextrude::2.0. Tsohon fayil na ci gaba da buɗewa, sabon aiki kuma na samun sabo. Amma fa ga tarko: idan ka kira suna ba lamba, Houdini kan ba ka sabon, wakilin kuma ƙila saitin tsohon ya haddace. Gada mai kirki ya kamata bayaninta ya ambaci wannan.

To ina rauninsa? Wuri biyu. Na ɗaya, faɗin Houdini kansa. Akwai duniyar SOP ta siffofi, DOP ta kwaikwayon ruwa da wuta, TOP ta jera ayyuka da ta zo a 17.5, LOP ta Solaris ta tsara fage da haske da ta zo a 18, sannan Copernicus ta sarrafa hotuna a 20.5 ta 2024. Harsuna kuma uku ne ke gudana: Python, VEX, da tsohon HScript da ke zaune cikin saiti. Wakilin da bayanin gada bai gaya masa a wace duniya yake ba zai yi ƙoƙarin dasa nod inda ba ya tsirowa. Na biyu, jama'ar Houdini ba su kai na Blender yawa ba, don haka misalan da basirar ta gani sun fi kaɗan, kuma gadojin farko da masu sa-kai suka rubuta ba su samu idanu masu yawa da za su gyara su ba. Za ka iya samun gada mai kayan aiki irin ƙirƙiri nod, canza saiti, jona, amma bayanin kowanne jimla ɗaya ce da ba ta faɗi ko hanyar nod cikakkiya ake so ko gajeriya ba.

Sai batun kuɗi. Houdini Apprentice kyauta ne don koyo, amma ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, fayilolinsa na da nasu tsarin, hotunan da ya fitar kuma na ɗauke da tambari. Houdini Indie na masu kuɗin shiga ƙasa da dala 100,000 a shekara ne, ana biya shekara-shekara. Ɗalibi zai iya gwada komai a Apprentice. Mai karɓar kwangila dole ya buɗe aljihu.

OpenSCAD: wanda gada ba ta dame shi ba

Wannan daban yake. Ba nod, ba jan waya. Rubutu ne zalla: kub, silinda, haɗa, cire, juya, maimaita. Katangarmu layuka ƙalilan ce, madauki ɗaya mai tafiya daga 0 zuwa 30 da tazarar 3. Kuma da yake basirar rubutu ta fi iyawa, ita da OpenSCAD jininsu ya haɗu. Harshen ƙarami ne har an tattara shi a shafin tunatarwa guda ɗaya, cikakken littafin jagorarsa kuma yana Wikibooks. Tabbatacciyar fitowa ta 2021.01 ta daɗe ana amfani da ita, sabbin abubuwa kamar injin Manifold mai sauri sun fara bayyana ne a fitowar gwaji. Rashin yawan motsin nan, wanda wasu ke kuka da shi, alheri ne ga wakili, domin abin da ya haddace bai tsufa ba.

Ana kiran sa daga layin umarni: a ba shi fayil, ya fitar da STL, fayil ɗin da ake bugawa a injin 3D, ko hoton PNG, a canza lamba da alamar -D, gargaɗi kuma ya fito a rubuce. Duk wakilin da ke iya rubuta fayil ya gudanar da umarni ya riga ya samu abin da yake buƙata. Ba ya cin kwamfuta sosai, abin da mai tsohuwar laftof zai ji daɗinsa.

Ramukansa sanannu ne kuma suna cikin jagorar. Ƙimar da aka ba suna ba ta canzawa kamar a Python: idan ka ba suna ɗaya ƙima biyu a wuri ɗaya, ta ƙarshe ce ke aiki ko'ina. Lambobi ba su da ma'auni, al'ada ce kawai ta sa ake ɗaukar su milimita. Ba shi da hanyar kai tsaye ta zagaye gefe, kuma ba ya fitar da STEP, tsarin da masu injin yankan ƙarfe suka fi so. Wanda ke buƙatar wannan ya leƙa CadQuery, da ke kan Python da injin OpenCascade. Amma a tuna, wannan duk na kayan da za a buga ko a ƙera ne: murfi, maƙala, gidan batir. Ba wurin gina birni ko daji ko hayaƙi ba ne.

Grasshopper kuwa, wanda David Rutten ya fara a 2007 a kamfanin McNeel kuma ya shigo cikin manhajar zane ta Rhino a fitowa ta 6, shi ne na masu zanen gine-gine, amma shi ya fi wahalar miƙa wa wakili. Kundin RhinoCommon na masu kod yana da tsari sosai, kuma Rhino 8 ya kawo Python 3 bayan shekaru ana fama da IronPython 2.7. Sai dai allon Grasshopper kansa an yi shi ne domin ido da hannu. Akwatunansa ana gane su da dogayen lambobin shaida, bayanin da yawa daga cikinsu gajere ne, aikin gaske kuma ya dogara da ƙarin kayan da mutane daban-daban suka rubuta, kowa da irin bayaninsa. Ga kuma rassan bayanai, inda saitin raba su ko haɗe su, graft ko flatten, ɗaya da aka manta kan mayar da ginshiƙai 11 su zama 121 ba tare da wani jan akwati ba. Sau da yawa ya fi sauƙi a sa wakilin ya rubuta kod cikin akwati ɗaya na Python a kan a sa shi jan wayoyi. Rhino na Windows da Mac ne kawai, ana sayensa, da gwajin kwana 90.

Ƙofa ɗaya babba ko ƙananan ƙofofi da yawa

Bayan zaɓen manhaja, sai zaɓen salon gada, kuma wannan ne mutane suka fi tsallakewa. Wata gadar kayan aiki ɗaya ne mai gudanar da kowane kod. Wata kuma ta yanka aikin gunduwa-gunduwa: ƙirƙiri nod, jera saiti, jona mashiga, karanto kuskure. Ta farko ba ta da iyaka, amma ba ta koyar da komai kuma ba ta hana komai. Kod ɗin da zai gina katanga shi ne zai iya goge folda. Ta biyu tana da shinge, kowane kira na da jadawalin da za a iya tantancewa kafin ya isa manhaja. Farashinta shi ne duk bayanan nan ana loda su cikin ƙwaƙwalwar hirar tun kafin ka ce uffan. Gada mai kayan aiki ɗari da wani abu tana cinye wuri, tana ƙara kuɗi, kuma idan sunaye sun yi kama wakilin kan ɗauki wanda ba shi ba. Yawan kayan aiki da ake tallatawa a shafin gabatarwa ba shaidar inganci ba ne. Ni na fi son matsakaiciya: 'yan kayan tambaya masu kyakkyawan bayani, 'yan kayan gini, da ƙofar kod a matsayin mafita ta ƙarshe.

Hanyar gwadawa ba ta buƙatar ƙwarewa. Buɗe jerin kayan aikin, ko a manhajar hirarka ko da MCP Inspector, manhajar gwajin gadoji, ka karanta su kamar kai ne ba ka taɓa ganin manhajar ba. Bayanin ya faɗi ma'auni, mita ko santimita, digiri ko radiyan? Ya faɗi wane gefe ne sama? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Blender da Rhino da OpenSCAD Z ne sama, a Houdini kuwa Y ne; katangar da aka ɗauko daga can zuwa nan kwanciya za ta yi. Ya faɗi abin da zai dawo da shi, da yaushe bai kamata a kira shi ba? Ya ambaci fitowar da aka gwada shi a kai? Sannan ka yi masa ƙeta da gangan: nemi nod da babu shi, ko saiti mai sunan ƙarya. Idan amsar ta dawo da ainihin saƙon manhajar, ko ma ta jero sunaye makusanta, wakilin zai gyara kansa a zagaye ɗaya. Idan kuwa abin da ya dawo shi ne an samu matsala kawai, ko mafi muni an gama, to ka san inda za ka sha wahala. Saƙon kuskure ma bayani ne, kuma shi wakili ya fi karantawa.

A gyaran Maris 2025 tsarin MCP ya ƙara wasu alamomi da mai gada zai iya liƙa wa kayan aiki: wannan karatu kawai yake yi, wannan na iya ɓata abu, wannan ko an maimaita shi sakamako ɗaya ne. Gadar da ta cike su ta nuna mai ita ya yi tunani. Amma tsarin da kansa ya ce alamu ne kawai, ba a dogara da su idan ba a amince da mai sabar ba. Dalili kuwa a fili yake: a Afrilun 2025 masu binciken tsaro sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, mai kwamfuta bai gani ba. Don haka karanta wannan jerin da idonka aiki biyu yake yi.

Idan abin da kake yi kayan bugawa ne ko ƙananan sassa masu ma'auni, fara da OpenSCAD, ka huta da neman gada. Idan ɗalibi ne kai ko mai zanen tallace-tallace da ba ya son biyan lasisi, Blender ce, amma a fitowa mai dogon tallafi, da sharaɗin wakili ya tambayi soket kafin ya jona ya kuma duba hoto bayan ya jona. Idan aikin babba ne, irin unguwa guda mai tituna da gidaje da za a yi ta sauya wa lambobi wata da watanni, kundin Houdini da hanyoyinsa na tambaya sun fi na kowa, ko da gadar da ka samu ba ta kai ba, domin za ka iya ƙara mata kayan jera saiti da na karanto kuskure cikin 'yan layuka. Mai zanen gini da ofishinsa ya riga ya zauna a kan Rhino kuwa, ya bar wakilin a akwatin Python da RhinoCommon, wayoyin allo ya ci gaba da jan su da kansa.